Tsakanin Tafin Ƙafa da Ƙasa

Hausawa na cewa ƙafa ba ta zama inda babu ƙasa. Amma a yau da yawanmu mukan yi wata guda cur tafin ƙafarmu bai taɓa turɓaya ba. Mu sauko daga gado mu zura silifas, mu fita aiki mu sa sau-ciki, mu shiga masallaci mu taka kafet, mu dawo gida mu taka siminti ko tayil. Ko a ƙauye, inda a da takalmi kayan Sallah ne da na ranar kasuwa, yanzu na roba ya wadata, har yaro mai tatata ana saya masa nasa. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko akwai wani alheri a tafiya ba takalmi wanda ya cancanci a riƙe, ko kuwa kewar wahala ce kawai irin ta wanda ya ƙoshi. In kuma alherin yana nan, da wane baki za mu yabe shi a ƙasar da har gobe dubban yara ke yawo ƙafa ba takalmi domin ba su da shi?

Bari mu kai tambayar Lakwaya, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwarzo a yammacin jihar Kano, yankin da mai fitowa daga birni yakan ratsa Rimin Gado da Kabo kafin ya isa. Ƙasar manoma ce, ta gero da dawa da masara da wake da gyaɗa. A nan da sauran garuruwan yankin irin su Getso da Kutama da Garo, tafiya ba takalmi wani yanki ne na aikin yau da kullum, don haka za mu iya ganin amfaninta da illarta a fili, ba kwalliya.

Abin da ƙafa ta sani

Idan ruwan shuka ya sauka, mai sungumi yakan shige gaba yana sara, masu zuba iri suna biye, kowa da ƙoƙonsa a hannu. A jefa ƙwayoyi a rami, a ja ƙasa da gefen ƙafa a rufe, a ɗan danna da diddige, a wuce. Wannan dannawa tana da ƙa'ida. In ta yi ƙarfi a ƙasa mai laka, tsiro ya sha wuya kafin ya huda. In ta yi sako-sako a jigawa, rana ta busar da ramin, ko zabi da kurciyoyi su tone irin. Babu wanda ke zaunar da yaro ya karanta masa gwargwadon nauyin da zai sa. Yana bin bayan babansa shekara biyu ko uku, ƙafar ta koya da kanta. Haka nan manomi kan tura babban yatsa cikin kunya ya gane ko ruwan daren jiya ya ratsa ko saman kawai ya jiƙa, ya yanke shawarar fitar da irin da ya adana tun kaka ko ya ƙara haƙuri. Kuskure a nan asarar iri ne, wani lokaci asarar shekara.

Magina ma haka. Ƙasar tubali da ta yaɓe da ƙafa ake cuɗa ta: a tara ta, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, a shiga ana takawa ana juyawa, a bar ta ta kwana, a sake komawa. Tafin ƙafa ne ke tsinto tsakuwar da za ta ɓata yaɓe, shi ne ke gano dunƙulen da ruwa bai kai cikinsa ba, shi ne kuma ke sanar da magini cewa ƙasa ta yi danƙo ta isa ɗauka. Wanda ya shiga kwaɓa da takalmi, ƙasar za ta tuɓe masa shi kafin ya yi taku goma.

Harshenmu ya tara sunayen ƙasa masu yawa: jigawa, fako, dabaro, marmara, taɓo, rairayi, burji, fadama. Ido ya taimaka wajen raɗa su, amma mutanen da suka bambance su sun san yadda kowace take a ƙarƙashin tafi, wadda ke nutsewa da wadda ke tsaga diddige, wadda ke riƙe sanyin dare har hantsi da wadda ke ɗaukar zafi tun da walaha. Ɗan kokawa da ɗan dambe ba sa shiga fage da takalmi, domin tsayuwarsu a yatsun ƙafa take, su ne ke kama rairayi idan abokin karawa ya turo. Yaran da ke langa a dandali, ƙafa ɗaya a hannu ɗaya a ƙasa, suna koyon daidaita jiki ne ta hanyar da babu malamin da zai iya rubuta musu ita a allo.

Masana jikin ɗan Adam sun bayyana dalilin wannan. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, wato ƙafafu biyu sun kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan baligi. Tafin ƙafa kuma cike yake da jijiyoyin ji masu aika wa ƙwaƙwalwa labarin abin da aka taka, ita kuma ta gyara tsayuwa tun kafin mutum ya ankara. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard a Amurka da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature kan masu gudu, ciki har da 'yan Kenya da suka tashi ba takalmi. Sun gano cewa irin waɗannan sukan sauka a kan gaban tafi ko tsakiyarsa, maimakon su doka diddige kamar masu takalmi mai kauri, kuma hakan yana rage ƙarfin bugun da jiki ke sha a kowane taku. A 2019 wani binciken na wannan rukuni ya nuna cewa kaushin da ke fitowa a tafin mai tafiya ba takalmi yana kare shi ba tare da ya rage masa ji ba. Ashe kaushin da muke gogewa da dutse muna jin kunyarsa takalmi ne da jiki ya ɗinka wa kansa.

Duniya ta ga abin da irin wannan ƙafa za ta iya. Tawagar ƙwallon ƙafa ta farko da Najeriya ta tura Ingila a 1949, yawancin 'yan wasanta ba takalmi suka buga. A ranar 10 ga Satumba 1960, Abebe Bikila, sojan Habasha, ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Sai dai kada mu zarce da yabo. Bayan shekara 4 Bikila ya sake ci a Tokiyo, wannan karon da takalmi, kuma ya fi na farko sauri. Sannan da tafiya ba takalmi ta zama yayi a Turai da Amurka, 'yan kasuwa suka shigo da takalma masu kwaikwayon rashin takalmi, har kamfanin Vibram mai yin takalmi mai yatsu biyar ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da ke zarginsa da tallar amfanin lafiyar da ba shi da hujja a kai. Abin da za mu riƙe kaɗan ne amma tabbatacce: ƙafar da ke taɓa ƙasa tana ji, tana ƙarfi, tana kuma sanin inda take.

Tuɓewa

Akwai wata tafiya ba takalmi da ba ruwanta da aiki, ita ce ta ladabi. Yaron da aka yi wa tarbiyya a Lakwaya ko Kabo, idan zai wuce majalisar dattawa, yakan tuɓe takalminsa ya riƙe a hannu, ya rusuna ya gaishe su, sai ya ba da 'yar tazara ya mayar. Matar aure ba ta ratsa gaban surukinta da takalmi. Ba a hawa tabarmar malam da shi, ba a shiga ɗakin mutane da shi, masu shiga kabari don karɓar gawa kuma sukan bar nasu a waje. Tarin takalma a ƙofar zaure yakan gaya wa baƙo abubuwa da dama tun kafin ya yi sallama: mutum nawa ne a ciki, manya ne ko samari, daga gona suke ko daga birni. Da an tsallake wannan tari kuwa, mai takalmin naira dubu hamsin da mai silifas ɗin da aka ɗaure da waya duk da tafi iri ɗaya suke taka tabarma.

Addini ya ƙarfafa wannan. Alƙur'ani a cikin Suratu Ɗaha ya ba da labarin yadda aka umarci Annabi Musa (AS) ya tuɓe takalmansa a kwarin Ɗuwa mai tsarki kafin ya saurari wahayi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an ga Sahabi Fadala ɗan Ubaidu, a lokacin yana riƙe da mulki a Masar, babu takalmi a ƙafarsa, da aka tambaye shi dalili sai ya ce Manzon Allah (SAW) yakan umarce su da su riƙa tafiya ba takalmi lokaci-lokaci. A Bagadaza an yi wani bawan Allah mai suna Bishir, wanda ya rasu a shekara ta 227 bayan Hijira, tarihi ya riƙe shi da laƙabin Alhafi, wato mara takalmi. Amma a wannan addinin ne kuma Muslim ya ruwaito kwaɗaitarwa a kan yawaita sa takalmi, har aka kamanta mai takalmi da wanda ke bisa abin hawa. Ruwayoyin biyu ba su yi karo ba. An so mutum ya mallaki takalmi ya amfana da shi, an kuma so ya riƙa ajiye shi jefi-jefi don kada jin daɗi ya mallake shi. Mu lura da wanda aka gani ba takalmi a waccan ruwaya: mai mulki ne, wanda ke da ikon sayen duk irin da ya ga dama.

Sai dai tuɓe takalmi yana da wata fuskar. Tarihin Kano ya danganta takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau yana cikin kayan sarautar Kano. A fada, takalmi alama ce ta wanda ke da iko: mai gari yana sanye da nasa, mai zuwa gaisuwa ya bar nasa a waje. Mutane da yawa suna yin haka da zuciya ɗaya, don girmama gidan da suke ganin nasu ne. Amma da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka gaji wannan alama suka mayar da ita tasu, ya zama malami da ma'aikaci da dattijo mai furfura sai sun tuɓe sun durƙusa a gaban Di'o ko Razdan wanda wataƙila bai kai sa'ar 'ya'yansu ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta yi fice wajen koya wa talaka ya tsaya a kan ƙafarsa a gaban mai mulki. Ƙin tuɓe takalmi da ƙin faɗuwa gaisuwa suna cikin abubuwan da aka san 'ya'yanta da su, kuma da yawansu sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e. A wannan zamani, barin takalmi a ƙafa shi ne ya zama neman mutunci.

To ga aiki guda, sunkuyawa a cire takalmi, amma ma'anarsa ta rabu biyu. Gwamnan Masar ya cire nasa ya ƙara daraja, talakan da aka tilasta wa cirewa an rage masa tasa. Abin da ya raba su shi ne wanda ya yanke shawarar. Tawali'u kyauta ce da mutum ke bayarwa daga abin da ya mallaka, shi ya sa ba a ƙwatarsa da bulala.

Rashi

Wannan bambanci shi ne ya kamata ya tsare mana baki idan muka zo kan talauci. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalman fata cikin manyan kayan da birnin ke ƙerawa yana fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Dukawa da majema na Kano sun daɗe suna sa wa duniya takalmi. Duk da haka dattawan karkara har yau suna ba da labarin yadda mutum kan ɗora takalminsa a ka ko ya rataya a sanda, ya yi tafiyar rabin yini zuwa kasuwa ƙafa ba takalmi, sai ya hango gari ya kakkaɓe ƙura ya sa. Lissafinsa a fili yake: tafi in ya tsage yana warkewa, takalmi in ya tsinke sai an biya baduku. Rashin takalmi ya zama sunan talauci a wurinmu ƙwarai, har ma a 2010 da Goodluck Jonathan ya fito neman shugabancin ƙasa, labarin zuwansa makaranta ba takalmi shi ne ya fi shiga zukatan jama'a. Almajirin da ke tsallen kwalta a Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana neman inuwar da zai huta da tafinsa, ba ya cikin waɗanda za a yi wa wa'azin daɗin taɓa ƙasa.

Illolin ma ba na wasa ba ne. Akwai tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda ƙwanta ke fita cikin bahayan mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi da ɗumi, 'ya'yan su huda fatar wanda ya taka, su bi jini zuwa huhu, su hauro maƙogwaro a haɗiye su, su maƙale a hanji suna shan jini. Sakamakonta ƙarancin jini ne da kasala, yaro ya yi ta gyangyaɗi a aji ana ce masa malalaci, mai ciki kuma ta shiga haɗari. Akwai cutar tetanos mai sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi, wadda ke shiga ta raunin ƙusa ko ƙaya mai datti. Akwai kunama, akwai kububuwa, kuma yawancin saran maciji a ƙafa yake, a lokutan noma da girbi. Asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe shaida ne a kan haka. Mai ciwon suga kuwa, wanda cutar kan kashe masa jijiyoyin ji, yana iya taka ƙusa bai sani ba, rauni ya ruɓe har a kai ga yanke ƙafa. Ga faso da hunturu, ga ƙarangiya da tsidau bayan damina. Duk wanda zai yabi tafiya ba takalmi ya tsallake wannan jeri, bai yi wa mai karatu adalci ba.

Takalmi da tsintsiya

Idan muka sake duba jerin da kyau, za mu ga ya kasu biyu. Kububuwa da kunama da tsidau da zafin rairayin bazara halittar Allah ne, wurinsu gona da daji da dare da tsakar rana, maganinsu kuma takalmi ne, babu dogon zance. Amma sauran fa? Tsutsar nan ba ta da hanyar shiga ƙasa sai wani ya yi bahaya a fili. Fasasshiyar kwalba ba tsirowa take yi ba. Rezar da aka yi aski da ita, allurar da aka gama amfani da ita, ƙusar da ta faɗo daga katakon gini, murfin gwangwanin tumatir, ruwan kwata da aka sako kan hanya, kowanne akwai hannun da ya yar da shi. A cikin gari, yawancin abin da ke sa ƙafa tsoron ƙasa mu muka ajiye shi.

A nan ne zancen ke tashi daga lafiyar ƙafa ya koma kan hali. Hanya biyu ce ta tsira daga ƙayar da ke kan turba: mutum ya sa takalmi, ko ya sunkuya ya ɗauke ƙayar. Ta farko shi kaɗai ta tsirar. Ta biyu ta tsirar da duk mai biyowa, har makaho da yaron da ya fara tafiya. Lokacin da kusan kowa a gari ba takalmi yake yawo, hanya ta biyu ta zama dole, domin wanda ya yar da reshen ƙaya a lungu yana iya zama farkon wanda zai taka shi a hanyarsa ta zuwa sallar Asuba. Sharar ƙofar gida da sassafe, da daɓen tsakar gida da mata ke taruwa su yi, da yayyafa ruwa a dandali kafin yara su fito wasa, duk sun tashi ne a cikin al'ummar da fatarta ke taɓa ƙasarta. Ba mamaki da hadisi ya sa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ƙaramin aiki ne wanda mai yin sa bai san wanda zai amfana ba, wanda ya amfana kuma ba zai taɓa sanin an yi masa ba.

Takalmi ya sauke mana wannan dole, kuma tare da ita ya tafi da wani abu. Wanda ya jefar da kwalbar lemo ta tagar mota a hanyar Gwarzo yana da takalmi. Wanda zai taka ta, sau da yawa, almajiri ne ko 'yar talla ko yaron da aka aika kiwo. Haka abin yake hawa: gwargwadon kaurin abin da ke tsakanin mutum da ƙasa, daga silifas zuwa sau-ciki zuwa tayar mota, gwargwadon ƙarancin labarin da ke isa gare shi game da halin da hanya take ciki, alhali sau da yawa shi ne ke da ikon a gyara ta. Harshenmu ya yi amfani da kalma ɗaya, ƙasa, ga turɓayar da muke takawa, da wurin da aka haife mu muke cewa muna kishinsa, da kuma inda mai ladabi ke mayar da kansa da muryarsa. Yana da wuya mutum ya yi kishin ta biyu da gaske alhali ya daina jin ta farko.

Mai karatu na iya cewa wannan yabon jiya ne, kuma jiyan ba ta kai yadda ake faɗa ba. Yana da gaskiya. Ƙauyen da ake share ƙofar gida a cikinsa shi ne kuma ake zagayawa bayan gari, tsutsar ciki da sauran cututtuka sun yi ɓarna mai yawa a wancan zamani, kuma takalmin roba mai araha ya ceci ƙafafun da ba su ƙirguwa. Babu mai hankalin da zai nemi a koma can. Amma tarihin yaƙi da tsutsar nan yana koya mana wani abu. A kudancin Amurka, inda ta addabi talakawan karkara, hukumar da Rockefeller ya kafa a 1909 ta haɗa magani da wayar da kai a kan gina masai, domin takalmi yana tare hanyar shigar tsutsa jiki ne kawai, masai kuwa yana hana ta isa ƙasa tun farko. A nan kusa, a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin da maƙwabta suka iya, Gwarzo da Kabo ma za su iya. Muna da tsaftar ƙarshen wata, muna da duba-gari, muna da masu unguwanni da limamai da ake jin maganarsu. Abin da ya rage shi ne mu daina ganin takalmin da ke ƙafarmu a matsayin ƙarshen matsalar.

Don haka amsarmu ga tambayar farko ita ce alherin yana nan, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya zama tuɓewa ce ta wanda ke da abin tuɓewa. Kowane yaro a Lakwaya ya cancanci takalmin zuwa makaranta, kowane manomi ya cancanci na shiga gona lokacin girbi, kuma wanda ya saya wa almajiri silifas a bazara ya fi wanda ya rubuta shafi goma yana yabon kaushi. Na biyu, ƙasar da za a taka ta zama an tsare mata haƙƙinta. Inda sharuɗɗan nan suka cika, babu dalilin da zai sa a hana yaro mai koyon tafiya taka tsakar gidan da aka share, ko a yi wa ɗan makaranta tsawa don ya ajiye takalminsa ya shiga langa, ko magidanci ya ji kunyar zagaya gonarsa ta bayan gida da hantsi bayan ruwa ya ɗauke, yana jin sanyin ƙasa yana ratsa shi. Mai ciwon suga da mai rauni a ƙafa su riƙe takalminsu ko a cikin ɗaki, mai fita da dare ko shiga ciyawa ma haka.

Ga waɗanda Allah Ya hore wa takalma har suna zaɓe, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Wata rana da safe mutum ya bar takalminsa a gida, ya taka daga ƙofarsa zuwa masallacin unguwa. Zai ga idonsa ya koma ƙasa, tafiyarsa ta yi sannu, zai kuma gano abubuwan da ya shekara yana tsallakewa bai san suna nan ba: gilashi a gindin katanga, waya a cikin rairayi, inda kwatar gidan wane ta fashe. Wannan ita ce hanyar da yaran unguwa ke bi kullum. In ya isa lafiya, ya gode wa Allah da maƙwabtan da ke shara. In kuwa ya tarar ba ta biyuwa, ya san aikin da ke jiran unguwar ranar Asabar, kuma ya san cewa a zauren gidansa akwai tsintsiya.

Allah Ya tsare mana ƙafafunmu, Ya sa mu zama masu ɗauke ƙaya daga hanyar bayinSa.